Tambaya da Amsa: Tsirran da Suka Lafe a Kan Tsauni

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, da yawansu sun karkata ga duwatsu da abin da ke tsirowa a kansu, wataƙila domin hunturu ya kankama, kowa a Jos ya tuna cewa a kan tudu yake kwana. Na ɗauki biyar daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar labarin ƙasa ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Bukuru. Na nuna wa ɗalibaina hotunan manyan tsaunukan duniya, sai wata yarinya ta tambaye ni dalilin da ya sa ake ganin kurmi a gindin tsauni, amma can kusa da ƙololuwa babu ko bishiya ɗaya, sai 'yan tsirrai da suka lafe a tsakanin tsakuwa. Na ce mata ƙarancin iskar shaƙa ne, amma zuciyata ba ta kwanta da amsar ba. Mene ne gaskiyar al'amarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Zuciyarki ta yi gaskiya da ta ƙi kwanciya. Ƙarancin iskar shaƙa yana galabaitar da mutum da dabba, amma abin da ya hana bishiya tsayawa a can shi ne sanyi, tare da iska mai ƙarfi da ke taya shi aiki.

Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, matsakaicin zafinsa a shekara kuwa bai wuce digiri 22 zuwa 23 ba, shi ya sa baƙo daga Sakkwato yake cigiyar bargo tun daren farko. Da za a ɗaga garin nan a kai shi mita 4,000, da wannan lissafi ya mayar da matsakaicin zafinsa wajen digiri 4. Wani masanin tsirrai na Jami'ar Basel da ke Suwizalan, Christian Körner, ya auna zafi a daidai inda itatuwa suke ƙarewa a tsaunuka masu yawa na nahiyoyi daban-daban, ya tarar cewa kusan ko'ina iyakar tana faɗawa ne a inda matsakaicin zafin lokacin toho da girma yake tsakanin digiri 6 da 7. Abin lura a nan shi ne, ganye yana iya haɗa abincinsa da hasken rana ko da sanyi ya kusa kai ga daskarar da ruwa, amma ƙera sabon jiki, wato sabuwar saiwa da sabon reshe, yana kusan tsayawa cik idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 5. Saboda haka bishiyar ba yunwa ce take kashe ta ba. Tana da abinci, amma sanyi ya hana ta gini da shi.

To, me ya sa ƙaramin tsiro yake rayuwa a inda bishiya ta gaza? Ki je kasuwar Farin Gada da asubahin wata ranar Janairu, ki dubi masu jiran motocin tumatir da kabeji. Ba za ki ga kowa ya miƙe yana baza hannuwa ba. Kowa ya tsuguna a bayan kwando ko buhu, ya dunƙule jikinsa, ya cusa hannuwa a hammata. Iska tana gudu a sama, amma dab da ƙasa tsakuwa da duwatsu suna karya ƙarfinta, kuma da rana ta fito, ƙasa da dutse su ne suke fara ɗaukar zafi. Bishiya ta kai kanta cikin iskar sama, don haka zafin jikinta daidai yake da zafin iskar, kuma dama an ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba kuwa yana zaune ne a cikin wani siririn yanayi na dabam, wanda ma'aunin zafi na tashar yanayi, da ake kafawa a tsayin ƙirjin mutum ko fiye, ba ya ganinsa ko kaɗan.

Waɗanda suka fi ƙwarewa a wannan dabara su ne waɗanda zan kira tsirran matashi, domin siffarsu kamar matashin kai ce, ko kuma in ce kamar malmalar tuwo da aka kife a kan dutse. Ɗaruruwan 'yan rassa ne gajeru suke fitowa daga uwar saiwa guda, su matsu da juna har yatsa ba ya shiga tsakaninsu, ganyayensu ƙanana su haɗa baki ɗaya a sama. Iska takan zame ta wuce ta kan wannan ƙululu, rana kuwa ta ɗumama shi, har a tarar cikinsa ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 10 ko 15 a tsakiyar rana mai haske. Matattun ganyaye ba sa zubewa waje iska ta kwashe. A ciki suke ruɓewa su zama taki, su riƙe laima kamar soso. Wato tsiron yana haɗa wa kansa ƙasar noma a inda babu ita. Har ma ƙwayar irin wasu tsirrai takan faɗa cikinsa ta tsira, ta samu mafakar da ba za ta samu a kan tsakuwa tsirara ba, shi ya sa masana suke ɗaukarsa kamar uwar goyo ga maƙwabtansa.

Wurin da suke zama ma ya cancanci a siffanta wa ɗalibai. Gangare ne ko doron tsauni da iska take sharewa, inda tsakuwa da fasassun duwatsu suka fi tsirrai yawa, sau da yawa fiye da rabin filin tsirara yake. In da Bahaushe ne ya raɗa masa suna, faƙon tsauni zai kira shi. Da dare ruwan da ke cikin ƙasa yakan daskare ya ɓullo siri-siri kamar allurai, ya ɗago ƙasa da 'yar tsakuwa, da hantsi kuma ya narke, ƙasar ta ɗan sulale zuwa gangare. Wannan ɗagawa da saukewa ita ce take tumɓuke jaririn tsiro kafin saiwarsa ta kama, shi ya sa wanda ya tsira yake fara zura doguwar saiwa cikin tsagar dutse kafin ya damu da ganye, kuma a yawancinsu abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi abin da ido yake gani. Wasu sun lulluɓe ganyensu da farin gashi mai laushi, wasu ganyensu ya yi ja-ja, duka don kariya daga ƙunar hasken rana, wanda ya fi kaifi a can sama, da kuma bushewar da iska take jawowa.

Sai dai kada gajartarsu ta sa a ɗauke su yara. Akwai wani mai suna Silene acaulis a tsaunukan Turai da Amurka ta Arewa, mai 'yan furanni ruwan hoda, wanda aka ƙiyasta wasu daga cikinsa sun haura shekara 300 alhali faɗinsu bai fi na faifai ba. A tsaunukan Andis na Peru da Boliviya da Cile kuma akwai yareta, kore shar, mai taurin da mutum zai tsaya a kanta ba ta lotsa ba. Ba ta ƙara fiye da kimanin santimita 1.5 a shekara, kuma an ƙiyasta manyan cikinta sun kai shekara 3,000. A ƙasar Niyu Zilan akwai wasu farare da ake yi wa laƙabi da tumakin tsiro, domin daga nesa sai a rantse garken tumaki ne ya kwanta a gangare. Game da iyakar inda suke kaiwa, an samu wani tsiro mai fure a tsayin mita 4,505 a kan tsaunin Dom na Suwizalan, a Himalaya kuwa akwai masu fure sama da mita 6,000.

Tun da labarin ƙasa kike koyarwa, ki ba su labarin Alexander von Humboldt, Bajamushen da ya hau tsaunin Cimborazo na ƙasar Ekwado a 1802, ya zana tsaunin hawa-hawa, ya rubuta sunayen tsirran kowane hawa a gurbinsu. Zanen nan har yau ya fi dogon bayani saurin shiga kan yara, kuma a ba wa yarinyar da ta yi tambayar alli ta kwaikwaye shi a allo.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kuma ni da abokaina mukan hau duwatsun Shere ranar Asabar. A kan falalen dutse muna ganin wata ciyawa da ta shimfiɗu kamar tabarma, da rani ta bushe ƙurmus kamar wuta ta ci ta, da damina ta dawo kore. Shin ita ce irin tsirran ƙololuwar da muke karantawa a littafi?

Amsa: Ɗana, kama da wane ba ta wane. Ƙololuwar Shere tana da tsayin kimanin mita 1,829. Wuri mafi tsayi a Najeriya, wato Chappal Waddi da ke jihar Taraba a kan iyakarmu da Kamaru, mita 2,419 ne. A yankin da ke kusa da tsakiyar duniya irin namu, sanyi ba ya korar itatuwa sai an doshi mita 3,500 zuwa 4,000, don haka babu wani dutse a ƙasar nan da ya kai wannan matsayi. Mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000. Kai da kanka ka ga shaida, domin duk inda tsagar dutse ta tara ƙasa mai zurfi a Shere, za ka tarar da ɓaure ko wata bishiya ta kafa saiwa.

Abin da ya gajartar da tsirran falalen dutsenmu ƙishirwa ce da rashin ƙasa. Jos tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, amma a kan fā ruwan ba ya kwana, gangarewa yake yi nan take, kuma da tsakar ranar Maris dutsen yakan ɗauki zafin da tafin hannu ba ya jurewa. Abin da ka siffanta ya yi daidai da wata ciyawa da masana suke kira Afrotrilepis pilosa, dangin aya da kajiji, wadda ta shahara a kan duwatsun Afirka ta Yamma. Tana cikin tsirran da suke iya bushewa kusan gaba ɗaya ba tare da sun mutu ba; ba sabon ganye kaɗai take jira ba, jikin nata ne yake farfaɗowa cikin 'yan kwanaki bayan ruwan farko. Wata shekara a watan Afrilu na ɗaga gefen irin wannan tabarma da sanda, na tarar da baƙar ƙasa mai kaurin yatsu huɗu, saiwoyi sun saƙe ta kamar gammo, tururuwa suna kai da kawowa a ciki, ƙarƙashinta kuwa dutse ne sumul, babu ko tsaga. Duk ƙasar nan ita ta tara abarta, daga matattun ganyayenta da ƙurar da hunturu yake kawowa, kuma na mayar da gefen yadda na same shi ina jin kunyar abin da na yi.

A nan ne kamannin yake da ma'ana: tsiron ƙololuwa da na falalen dutse duka sun dunƙule, sun riƙe matattun ganyayensu, sun ƙera ƙasarsu da kansu, kuma duka a hankali suke girma, sai dai ɗaya sanyi yake gudu, ɗaya ƙishirwa. Kafin tabarmar ta samu wurin zama, akwai waɗanda suke riga ta, wato tabo-tabon nan masu kama da makero da kake gani a jikin dutse, da kuma baƙin abin nan da ya rine fuskar duwatsunmu, wanda mutane suke zaton launin dutsen ne alhali ƙananan halittu ne masu rai. Tinya da ƙerana kuma wata hanyar suka bi, suka mayar da jikinsu tulun ajiyar ruwa. In kana son ganin waɗannan duka a wuri ɗaya tare da masu iya yi maka bayani, dajin Amurum da ke kusa da Laminga yana da irin waɗannan duwatsu, kuma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke da alaƙa da jami'arku.

Tambaya: Malam, na ga wani hoto a Facebook da aka ce daga Dutsen Kenya aka ɗauko shi: wasu tsirrai dogaye sun fi mutum tsawo, kowanne da kai kamar kabeji, ga ƙanƙara a bayansu. Na ce wa yarana haɗin kwamfuta ne, tun da an ce tsirran can sama gajeru ne. Ko na yi daidai? Daga wani mai shagon yadi a Unguwar Rogo.

Amsa: Alhaji, a wannan karon ba ka yi daidai ba, sai a ba yaran haƙuri. Tsirran nan suna nan a Dutsen Kenya mai tsayin mita 5,199, da Kilimanjaro mai mita 5,895, da tsaunukan Ruwenzori da ke tsakanin Uganda da Kwango, kuma akwai dangin wasunsu a tsaunukan Bale da Simiyen na Habasha. Iri biyu ne suka fi shahara, Dendrosenecio da manyan Lobelia.

Dalilin da ya sa suka saɓa wa sauran yana cikin yanayin wurin. A Turai sanyi yana zuwa ne wata da watanni, dusar ƙanƙara ta rufe gajeren tsiro kamar bargo har bazara. A tsaunukan Afirka ta Gabas kuwa babu wannan dogon lokaci. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Olov Hedberg, ya siffanta yanayin da cewa kowace rana bazara ce, kowane dare kuma hunturu. Abin da tsiro yake buƙata a nan shi ne ya tsallake 'yan sa'o'in daskarewa na kowane dare, kuma a daren da sama ta yi garau, iskar da ke manne da ƙasa ita ce ta fi sanyi. Saboda haka waɗannan suka ɗaga idon tohonsu sama, da magariba ganyayen su rufe a kansa kamar yadda ake dunƙule hannu, da hantsi su buɗe. Busassun ganyaye ba sa faɗuwa, suna nan jingim a jikin kara kamar rigar sanyi, suna hana ruwan da ke cikin ɓargonsa daskarewa. Wani nau'in Lobelia ma yakan tara ruwa a tsakiyar ganyensa, saman ruwan ya daskare da dare, idon tohon da ke nutse a ƙasa ya kwana lafiya. A Andis na Kolombiya da Benezuwela akwai wasu da ake kira Espeletia, waɗanda suka ɓullo da wannan siffa a can su kaɗai, ba tare da sun haɗa hanya da na Afirka ba.

Duk da haka maganar gajarta ba ta ƙaryatu ba. Dogayen sun fi son kwaruruka masu laima. Da an hau doron da iska take duka, ko aka doshi ƙanƙarar ƙololuwa, sai su ɓace, a koma ga 'yan dunƙulallun tsirrai masu farin gashi a tsakanin tsakuwa.

Tambaya: Ina da lambun furanni a Rayfield, kuma sanyin Jos yana karɓar abubuwan da ba sa yi a Kano. Zan iya shuka irin waɗannan tsirran matashi in na samu irinsu?

Amsa: Hajiya, ban ba ki shawarar kashe kuɗinki ba. Sanyin da ya ishi dankalin Turawa da furen wardi bai ishe su ba, kuma ba zafin Maris ne kaɗai zai kashe su ba, ruwan Agusta ma zai ruɓar da su daga ciki, domin sun saba da tsakuwar da ba ta riƙe ruwa da iskar da ke busar da su kullum. In siffar ce take burge ki, ki tara duwatsu da tsakuwa a gefen da ruwa ba ya kwanciya, ki dasa tsirrai masu kaurin ganye da ake samu wajen masu sayar da furanni a gari. Ƙerana da tinya ma suna da kyau a irin wannan wuri, sai dai ƙaronsu yana ƙuna, yana kuma cutar da ido, don haka a nisanta su daga inda jikoki suke wasa.

Tambaya: Malam, kullum ana kukan ɗumamar yanayi. Amma in sanyi ne ya danne waɗannan tsirrai, ashe ɗumi ba alheri ba ne gare su? Daga wata ɗalibar aikin jinya a Gangare.

Amsa: 'Yata, tambayarki tana da kaifi, kuma rabinta gaskiya ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara bayanan ƙololuwa 302 a Turai na tsawon shekara 145, ya nuna cewa nau'o'in tsirrai a kan ƙololuwar suna ƙaruwa, kuma saurin ƙaruwar a tsakanin 2007 da 2016 ya ninka na tsakanin 1957 da 1966 har sau biyar. Da jin haka sai a ce arziki ne. Amma su wane ne sababbin? Tsirran hawan ƙasa ne, masu tsawo da saurin girma, waɗanda a da sanyi ya tsare su. Tsiron matashi ya iya jure sanyi da iska, amma bai iya jure inuwa ba, kuma wanda yake ƙara santimita guda a shekara ba zai yi tsere da ciyawar da take kai gwiwa a damina ɗaya ba. Sanyin da muke gani kamar azaba shi ne katangar da ta kare masa gidansa. In ya ce zai gudu sama, tsauni tsukewa yake yi yayin da ake hawa, wanda yake ƙololuwa kuwa ba shi da sauran inda zai hau. A Kilimanjaro, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta riga ta tafi.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi ɗumama sauri. A arewacin Cile an daɗe ana sarar yareta ana hura wuta da ita a ma'adinai da garuruwan da ke kewaye da su, domin tana da ƙaro mai kama wuta, har ta yi ƙaranci a wurare da dama kafin doka ta kare ta. A tsaunukan Roki na jihar Kolorado a Amurka, wata masaniyar tsirrai mai suna Beatrice Willard ta killace wasu 'yan filaye da masu yawon buɗe ido suka tattake tun 1959, ta yi ta bibiyarsu shekara da shekaru, ta ga cewa inda takalma suka kwashe ƙasar sama, farfaɗowar za ta ci ɗaruruwan shekaru. Haka abin yake ga tabarmar duwatsunmu idan wutar farauta ta cinye ta har ƙasa, ko masu fasa dutse suka kankare ta, domin ruwan farko yakan wanke ƙasar da ta tara, ya bar fā tsirara.

Masana a ƙasashe da dama suna da ƙananan filaye masu alama a kan ƙololuwa, waɗanda suke komawa su ƙirga tsirran ciki bayan 'yan shekaru, kuma wannan aiki ba ya buƙatar kayan tsada. Ɗalibin da ya rubuto daga Shere da abokansa za su iya zaɓar tabarma guda, su ajiye rula a gefenta, su ɗauki hotonta daga wuri ɗaya a watan Fabrairu da kuma watan Yuli na kowace shekara, su rubuta kwanan wata da ranar da ruwan farko ya sauka.